Ceto A Wurin Kirista: Nan Take Ake Samunsa Ko A Hankali?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da amincinSa su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da sauran annabawa da manzanni baki ɗaya. Bayan haka:

Akwai wata tambaya da ɗalibanmu suke yawan kawowa, daga makarantun sakandare na kwana da ke nan Tamale har zuwa jami'ar UDS a Dungu da Nyankpala. Abokin karatu Kirista zai tare yaro ya ce masa: "Kai ka sami ceto?" Sannan ya faɗa masa ranar da shi ya sami nasa, da wata da shekara, ya ƙara da cewa ko yau ya mutu ya san makomarsa. In yaron ya amsa da cewa shi dai yana fatan rahamar Allah, sai a ce masa addininsa bai ba shi tabbaci ba. Wani yaron maganar takan zauna masa a zuciya. Wani kuma sai ya fusata, ya mayar da abin da ya tsinta a majalisa: ai ku kun ce an riga an mutu dominku, saboda haka kuna iya yin duk saɓon da kuka ga dama.

Na farko da na biyu duk ƙarancin sani ne ya kai su inda suka je. A Tamale mu ne masu rinjaye, amma ƙidayar shekarar 2021 ta nuna cewa kusan kashi 71 cikin ɗari na mutanen Ghana Kirista ne, Musulmi kuwa kusan kashi 20. Yaron da ya tashi a Zogbeli ko Sakasaka, gobe hidimar ƙasa ko neman abinci zai kai shi Kumasi ko Takoradi, inda zai ji wannan tambaya a mota da ofis da ɗakin haya. Don haka muka ga ya dace mu yi bayanin abin da su Kirista suke faɗa a kan wannan mas'ala, kamar yadda su da kansu suke faɗarsa, sannan mu nuna inda muke tsaye.

Me suke nufi da ceto?

A aƙidar mafi yawan Kirista, saɓon da Annabi Adamu (AS) ya yi ya bar wa zuriyarsa gado. Suna cewa kowane ɗan Adam an haife shi da ɗabi'ar da ta lalace, yana nesa da Allah, kuma ba ya iya gyara kansa da kansa. Suna cewa Yesu, wanda mu muka sani da Annabi Isa ɗan Maryam (AS), ya mutu a kan gicciye ya tashi, kuma wannan mutuwa ce ta biya bashin. Ceto a wurinsu shi ne mutum ya sami rabo a cikin wannan biya, a yafe masa, a mayar da shi kusa da Allah, ya tsira daga hukunci. A kan wannan ginshiƙi kusan dukkansu sun haɗu. Saɓaninsu yana kan yadda mutum yake samun rabon nan, da lokacin da yake samu, da kuma ko zai iya rasa shi bayan ya samu.

Nassinsu ya zo da lokuta uku

Tushen saɓanin yana cikin littafinsu. A wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, babi na 2, an yi maganar ceto a matsayin abin da ya riga ya faru, kyauta ce ta hanyar bangaskiya, ba ladan aiki ba. A wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa, babi na 1, an ambaci masu bi a matsayin waɗanda ake cikin cetonsu, wato abin yana gudana. A wasiƙar Romawa, babi na 13, an nuna ceto abu ne da yake tafe, yana ƙara matsowa. A ta Filibiyawa, babi na 2, an umarce su da su yi aiki a kan cetonsu cikin tsoro. Wasiƙar Yakubu, babi na 2, ta bayyana bangaskiyar da ba ta da aiki a matsayin matacciya. Littafin Matiyu, babi na 24, ya rataya tsira ga wanda ya jure har ƙarshe.

Masu cewa nan take ne suna kafa hujja da labarin da ke babi na 23 na littafin Luka, na ɗan fashin da a ruwayarsu aka gicciye shi kusa da Yesu, ya yi imani a sa'arsa ta ƙarshe aka yi masa alkawarin Aljanna, bai yi baftisma ba, bai yi wani aiki ba. Suna kuma kawo zancen sake haihuwa da ke babi na 3 na littafin Yohanna, suna cewa haihuwa rana ɗaya ake yin ta. Masu cewa a hankali ne sai su amsa cewa jariri in an haife shi ba a shayar da shi ba, ba zai rayu ba.

Malamansu sun sa wa matakan nan sunaye uku: baratarwa, wato a wanke mutum daga laifi, tsarkakewa, wato halinsa ya riƙa gyaruwa, da ɗaukaka, wato cikar al'amarin a lahira. Muhawarar ita ce: wanne daga cikin ukun ya cancanci a kira shi ceto, kuma na farko yana lamunce na ƙarshe ko a'a?

Yadda suka rabu a tarihi

Gardamar ta daɗe, kuma a nan Afirka ta fara zafi. Agustin, limamin garin Hippo, wato Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekarar 430, ya yi jayayya da wani mai suna Pelajiyus. Pelajiyus yana ganin mutum yana da ikon zaɓar alheri da bin umarnin Allah. Agustin ya dage cewa ba wanda zai iya ko da fara komawa ga Allah sai da taimakonSa na musamman. Taron limamai a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu, ya goyi bayan Agustin a shekarar 418.

Bayan shekaru fiye da dubu, a 1517, Martin Luther ya tayar da ƙayar baya a Jamus, daga nan Furotesta suka samo asali. Shi a wurinsa baratarwa kamar hukuncin alƙali ce. Mai laifi yana tsaye, alƙali ya ce an sallame shi domin wani ya biya masa, kuma wannan furuci lokaci ɗaya yake fita, da bangaskiya kaɗai. Ayyuka nagari 'ya'yan itace ne da suke biyo baya.

Cocin Katolika ta mayar da martani a taron Trent a ƙasar Italiya, wanda ya gudana daga 1545 zuwa 1563. A matsayar da ta fitar a 1547 ta ce baratarwa ba sallama ce kawai ba, gyara ce ta cikin mutum, tana farawa da baftisma, tana ƙaruwa da biyayya, babban zunubi yana kawar da ita, tuba a gaban fada yana dawo da ita. Ta kuma ce ba wanda zai iya yanke wa kansa tabbacin zai dawwama har ƙarshe sai in an yi masa wahayi na musamman. Cocinan gabas, irin na Girka da Masar da Habasha, su ma tafiya ce ta tsawon rai suke ɗaukar ceto.

Su kansu Furotesta ba su tsaya a wuri ɗaya ba. Mabiya John Calvin na birnin Janeba sun ce wanda Allah Ya zaɓa tun azal ba zai taɓa fāɗuwa fāɗuwar ƙarshe ba, kuma sun tabbatar da haka a taron Dort a ƙasar Holan a 1618 zuwa 1619, suna masu raddi ga almajiran Arminiyus da suka buɗe ƙofar cewa mai bi yana iya juya baya. John Wesley, wanda ya kafa Metodis, ya ba da labarin wani dare, 24 ga Mayu 1738 a birnin Landan, da ya ji tabbacin gafara a zuciyarsa. Duk da haka ya karantar da cewa mutum yana iya rasa abin da ya samu, kuma dole ya ci gaba da neman tsarkaka. Daga wannan reshe ne 'yan Fentikos suka tsiro a farkon ƙarni na 20, musamman bayan farfaɗowar titin Azusa a Los Anjeles ta Amurka a 1906.

A ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Katolika da haɗaɗɗiyar ƙungiyar Lutharan ta duniya suka sa hannu a wata takarda ta fahimtar juna a kan baratarwa, Metodis suka shiga a 2006. Ke nan su ma sun ɗauki kusan shekara 500 kafin su rage tazarar da ke tsakaninsu a kan wannan tambaya da ake jefa wa yaranmu kamar mai amsa ɗaya.

Waɗanda muke zaune da su a Tamale

Yawancin waɗannan ra'ayoyi suna nan a garinmu, kowanne da majami'arsa.

Katolika sun shigo arewacin Ghana ta Navrongo a 1906, ta hannun limaman da ake kira fararen fada, waɗanda suka gangaro daga Wagadugu. Tsarinsu a wancan lokacin shi ne baligi ya yi kusan shekara huɗu yana koyon addini kafin a yi masa baftisma. Tamale ta zama mazaunin bishop a 1950, ta zama ta babban bishop a 1977, kuma a nan Peter Dery ya yi aiki, wanda aka naɗa kadinal a 2006 ya rasu a 2008. Ɗan Katolika da ya san addininsa ba ya cika tambayarka ranar da ka sami ceto. In ka tambaye shi, zai ce an sa shi a hanya ranar baftisma, yana kan tafiya, yana fatan ƙarshe mai kyau.

Cocin Assemblies of God ta fara aikinta na Ghana a Yendi a 1931, ta hannun Lloyd Shirer da matarsa Margaret, kuma tana da makarantar horar da fastoci a Kumbungu. Su da sauran 'yan Fentikos su ne suka fi yin wa'azin fili, su kira mutane su fito gaba su karɓi Yesu, a ce musu daga wannan sa'a sun zama sabbin haihuwa. A wurinsu shiga nan take ce. Amma karantarwar Assemblies of God ita ce mutum yana iya komawa baya ya rasa cetonsa, shi ya sa suke tsananta horo a kan giya da zina.

Baptis, waɗanda muka sani da asibitinsu na Nalerigu, su ma suna cewa shiga nan take ce, kuma galibinsu suna ƙarawa da cewa wanda ya sami ceto na gaskiya ba ya rasa shi har abada. Presbiteriyan, magadan mishan ɗin Basel da suka iso gaɓar teku a 1828, asalin aƙidarsu ta Calvin ce. Metodis, da suka fara a Cape Coast a 1835, suna kan tafarkin Wesley.

Ga misali da zai sauƙaƙa. Duk mun san yadda kogin Farin Volta yake cika a ƙarshen damina in an buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso. A ce ruwa ya ja mutum a wajen Nawuni, mai kwalekwale ya cafko shi ya sa a ciki. Cafkowar nan take ce, amma gaɓa tana da nisa. Mabiyin Calvin da mafi yawan Baptis suna cewa mai kwalekwalen ba zai taɓa sakinsa ba, saboda haka tun da ya shiga ya tsira. Metodis da 'yan Fentikos suna cewa ya shiga da gaske, amma in ya ga dama yana iya tsalle ya koma ruwa. Katolika suna cewa yana ciki ana jinyarsa, shi ma yana taya kwashe ruwa da ƙarfin da aka ba shi, in ya fāɗa akwai igiyar da za a jefa masa, kuma ba a cewa ya tsira sai ƙafarsa ta taka tudu.

Shin sun ce an ba su izinin saɓo?

A nan muke kira ga 'yan'uwa da su yi adalci. Allah Ya hore mu a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Babu ɗaya daga cikin manyan cocinan nan da take karantar da cewa mai bi yana iya yin abin da ya ga dama. Bulus da kansa ya kawo wannan tuhuma a babi na 6 na wasiƙar Romawa ya kore ta. Hatta masu cewa ceto ba ya ɓacewa, in ka nuna musu wanda ya fito gaba a taron wa'azi sannan ya dulmuya cikin ɓarna har ya mutu, za su ce maka tun asali bai yi bangaskiyar gaskiya ba. Akwai ɗaiɗaikun mutane da suke fakewa da wannan aƙida su yi sakaci, kamar yadda a cikinmu ake samun mai barin salla yana cewa imani a zuci yake. Ba za mu yarda a auna Musulunci da wannan mutum ba, don haka kada mu auna su da nasu.

Wannan amsa tasu kuma tana nuna wani abu da ya kamata ɗalibi ya lura da shi. In wanda ya lalace daga baya ana cewa tun farko bai sami ceto ba, alhali shi ma a lokacinsa yana jin tabbaci, to ashe ƙarshen mutum ne yake gaskata farkonsa. Tabbacin da abokinka yake ji a yau, a kan ƙa'idar cocinsa ma, sai ya jure har mutuwa kafin a san na gaske ne.

Mu ma an yi irin wannan muhawara

Ɗalibin ilimi ba zai ga mas'alar nan baƙuwa ba. Masu tsananin ra'ayi cikin Murji'a sun ce in akwai imani a zuciya, zunubi ba ya cutarwa. Khawarijawa sun ce babban zunubi yana fitar da mutum daga addini. Ahlus Sunna suka tsaya a tsakiya: imani ƙudurin zuciya ne da furucin harshe da aikin gaɓoɓi, biyayya tana ƙara shi, saɓo yana rage shi, kuma mai babban zunubi da bai tuba ba yana ƙarƙashin ganin damar Allah. Haka muka karanta tun muna yara a farkon Risala ta Ibn Abi Zaid, haka kuma Imamul Bukhari ya gina babin imani a Sahihinsa.

Shiga Musulunci nan take ce. Wanda ya yi kalmar shahada da gaskiya ya zama Musulmi a wannan sa'a, kuma hadisin Amru ɗan Asi (RA) a Sahihu Muslim ya nuna cewa Musulunci yana rushe zunuban da suka gabace shi. Masu sihirin Fir'auna sun wayi gari kafirai suka yi sujada suna muminai, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. Amru ɗan Sabit (RA) ya musulunta ranar Uhudu, ya yi shahada bai taɓa yin salla ko ɗaya ba, aka shaide shi da Aljanna.

Tsira ta ƙarshe kuwa tana rataye da cikawa. Hadisin Ibn Mas'ud (RA), na huɗu a Arba'una Hadisi, ya faɗakar da cewa mutum yana iya daɗewa a kan wata hanya ya juya dab da ƙarshe. Saboda haka ne malamai suka tattauna ko ya halatta mutum ya ce shi mumini ne in Allah Ya so. A Ƙairawan, a ƙarni na uku na Hijira, almajiran Imam Sahnun sun rabu biyu a kanta, ɓangaren ɗansa Muhammadu da ɓangaren Ibn Abdus. Abin da ya warware ta shi ne a rarrabe: ba ma shakka a kan abin da muka yi imani da shi yanzu, amma ba ma yanke wa kanmu hukuncin yadda za mu cika, ko cewa an karɓi aikinmu.

Kada kuma wani ya ce Musulmi da aikinsa yake sayen Aljanna. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya kore cewa aikin mutum shi kaɗai zai shigar da shi Aljanna, ya haɗa har da kansa, sai dai in Allah Ya lulluɓe shi da rahama. Aiki sababi ne da aka umarce mu da shi, rahama ce take shigarwa.

Inda bambancin gaske yake

Ke nan saɓaninmu da Kirista bai tsaya a kan nan take ko a hankali ba, domin a wannan gaɓa wasunsu sun fi kusa da mu a kan kusancinsu da junansu. Saɓanin yana can ƙasa, a tushe, a wuri uku.

Na ɗaya, ba mu yarda da gadon zunubi ba. Suratul Baƙara, aya ta 37, ta nuna Annabi Adamu (AS) ya tuba kuma an karɓi tubarsa, kuma kowane jariri a kan fiɗira ake haifarsa. Na biyu, ba mu yarda wani yana ɗaukar laifin wani ba. Wannan ƙa'ida ta maimaitu a Suratul An'am da Isra'i da Faɗir da Zumar da Najmi. Allah Yana gafartawa kai tsaye ga wanda ya tuba, ba Ya bukatar a zubar da jinin kowa. Na uku, Annabi Isa (AS) bawan Allah ne kuma manzonSa, muna sonsa muna girmama mahaifiyarsa, kuma aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta kore cewa an kashe shi ko an gicciye shi.

Nasiha ga ɗalibai da iyaye

In an tambaye ka ko ka sami ceto, amsa cikin natsuwa. Ka ce kana da yaƙini cewa Allah ɗaya ne, alkawarinSa gaskiya ne, kuma duk wanda ya mutu a kan tauhidi makomarsa Aljanna. Abin da ba ka yi shi ne yabon kanka, domin zuciya a hannun Allah take. Wannan ladabi ne na bawa a gaban Ubangijinsa, kuma kana tafiya tsakanin tsoro da fata kamar yadda sahabbai suka yi. In abokin naka mai son tattaunawa ne, tambaye shi cocinsu, ka tambaye shi ko a wurinsu mai ceto yana iya rasa shi. Daga nan ku koma ga tushe, ku yi magana a kan gadon zunubi da gicciye da matsayin Annabi Isa (AS), ba tare da zagi ba. Suratul Ankabut, aya ta 46, ta iyakance mana jayayya da ma'abota littafi da hanya mafi kyau. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) a fadar Najjashi bai ɓoye aƙidarmu a kan Annabi Isa (AS) ba, bai kuma ci mutuncin kowa ba. In kuwa ka ga abin ya fi ƙarfin iliminka, ka ce za ka tambayo, ka zo wurin malamai.

Iyaye da malaman Islamiyya, ku karantar da yara babin imani da ƙaddara da kyakkyawar cikawa kafin ku tura su makarantar kwana. Yaron da ya iya alwala da salla amma bai san abin da yake fata a wurin Ubangijinsa ba, tambaya ɗaya tana iya rikita shi.

Allah Ya tabbatar da zukatanmu a kan addininSa, Ya shiryar da mu da maƙwabtanmu zuwa ga abin da Yake so, Ya dawwamar da zaman lafiya a Dagbon da Ghana baki ɗaya, Ya sa mu cika da imani. Allah ne Mafi sani.